Tsohuwar Mota Da Fuskar Aro

Duk wanda ya taɓa hangen Rolls-Royce ta taho ya san ba sai an faɗa masa sunanta ba. Lagiretonta na gaba, wanda aka ƙera da siffar ƙofar tsofaffin gidajen bautar Girka da Rum, da dogon bonet ɗin da ke bayansa, da ɗan gunkin macen nan da Charles Sykes ya sassaƙa a 1911, su ne shaidarta. To, a kan wannan fuska nake son mu yi magana, domin akwai wata al'ada ta sauya ta wadda ni ban yarda da ita ba.

Al'adar ta samo asali ne daga Ingila. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin ba ya ƙera bodi. Inji da shasi da lagireto yake sayarwa, mai kuɗi ya kai wa maƙera irin su Hooper ko Barker su ɗora masa jikin da ransa ke so. Da yake injin yakan daɗe fiye da jikin, sai a shekarun 1930 wasu 'yan kasuwa suka shiga sayen ƙirar Twenty, wadda aka yi daga 1922 zuwa 1929, suna ɗora mata sabon bodi. Siraran ƙarafan da ke daidaita iskar lagireto a kwance suke a yawancin waɗannan motoci, sai a cire su a sa na tsaye irin na ƙirar 20/25 da ta gaje ta, a ɗaga bonet, mota mai shekara goma ta fito kamar amarya.

Haka kuma aka yi bayan fitowar Silver Cloud III a 1962, mai fitilu huɗu da bonet mai ɗan gangara. Masu tsofaffin Cloud suka riƙa canza gaba don kada a ce an bar su a baya. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne na Bentley. Tun da Rolls-Royce ta saye kamfanin a 1931 motocin suka yi ta kusantar juna, har ya zama a shekarun 1950 kusan lagireto da tambari ne kawai bambancinsu. Sai mutum ya cire na Bentley ya liƙa na Rolls, don kuɗin ya ƙaru.

Za a ce mini ai mai abu da abinsa, kuma ba don wannan kwaskwarima ba da an daɗe da kai da yawansu wurin 'yan gwangwan. Na yarda da wannan, gaskiya ce. Amma mai karatu ya lura: gyaran da aka yi don inji ya daina zafi daban, wanda aka yi don mai kallo ya yi kuskuren shekarun mota daban. Na biyun ba ya ƙara mata gudu ko lafiya ko kaɗan. Wanda ke shan wahalarsa shi ne mai saye na uku ko na huɗu, wanda ya biya kuɗin wata ƙira, sa'an nan makanike ya duba lambar shasi ya gaya masa wata ce daban. In ya so mayar da ita yadda take, sai ya shiga neman lagireton asali wanda aka jefar tun kakansa na yaro.