SHARHI: Horon natsuwa ga matasa masu doguwar jinya: ta intanet ko ido da ido?

Matashin da ke fama da ciwon suga, sikila ko cutar hanji mai daɗewa yakan haɗu da fargaba da kaɗaici, baya ga raɗaɗin jiki. Shi ya sa wasu asibitocin yara a Amurka da Kanada suka rungumi horon natsuwa, inda ake koya wa majinyaci tattara hankali kan numfashinsa da halin da jikinsa ke ciki, ba tare da ya tsawwala wa kansa ba.

Tsarin ya samo asali ne a 1979, lokacin da Jon Kabat-Zinn ya kafa shirin MBSR na mako takwas a Jami'ar Massachusetts. Daga baya aka tsara na matasa, irin MARS-A da Dakta Dzung Vo da abokan aikinsa suka samar a asibitin yara na Vancouver.

Muhawarar yanzu ita ce inda ya kamata a gudanar da horon. Zama wuri ɗaya yana ba matashi damar ganin tsararsa masu irin lalurarsa, malami kuma yana iya lura da wanda hankalinsa ya tashi. Sai dai zuwa asibiti mako takwas a jere nauyi ne ga wanda ciwo ke kwantarwa ba zato, ko wanda gidansu ke da nisa. Masu cutar sistik faiburosis, wadda ke toshe huhu da majina, likitoci ma sukan hana su haɗuwa da juna don gudun yaɗa ƙwayoyin cuta. Ga irin waɗannan, intanet ce kaɗai ƙofar shiga rukuni.

Wani gwaji da Dakta Nicholas Chadi ya jagoranta a Toronto ya kwatanta hanyoyin biyu, ya kuma nuna cewa ana iya gudanar da horon ta bidiyo kai tsaye. Amma mahalartansa ba su kai 20 ba, don haka bai isa ya raba gardama ba.

Akwai kuma darasi daga Birtaniya. Binciken MYRIAD, wanda aka fitar a 2022 bayan nazarin ɗalibai sama da 8,000 a makarantu 84, ya gano cewa horon da aka yi wa aji gaba ɗaya bai fi darussan da aka saba ba wajen kyautata lafiyar ƙwaƙwalwa. Yawancin ɗaliban ba su yi atisayen a gida ba.

Wannan na nuni da cewa amincewar matashin da ƙwarewar malami sun fi wurin zama muhimmanci. Manhajar da aka bar yaro da ita shi kaɗai daban take da rukunin da ƙwararre ke jagoranta ta bidiyo.

A Najeriya, wadda ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, hanyar intanet za ta rage wahalar sufuri, amma tsadar data da ƙarancin lantarki za su ware 'ya'yan talakawa. Ko ta wace hanya aka bi, horon tallafi ne kawai, ba ya maye gurbin magani ko ganin likita.