Wa zai gina wa alhaji inuwa?

Makon nan kaf wayoyin jama'a sun cika da bidiyon gine-ginen da Saudiyya ta ce za ta yi, ana ta turawa ana kabbara. Ga Mukaab na birnin Riyad, ginin da tsawonsa da faɗinsa duk mita 400 ne ta kowace fuska. Ga The Line a yankin Neom, katangu biyu na madubi masu tsawon mita 500 da za su miƙe kilomita 170 cikin hamada, wai mutum miliyan tara su zauna a tsakaninsu. Ga hasumiyar Jidda da aka fara a 2013, aiki ya tsaya a 2018, yanzu an koma, burin kawai ta haura kilomita ɗaya ta doke Burj Khalifa ta Dubai mai mita 828. Kowa ya turo min sai ya haɗa da cewa ga ƙasar da ta san abin da take yi. Ni kuwa raina ne yake ɓaci.

A ƙasar da zafi ke haura digiri 50, tambayar farko da za a yi wa kowane gini ita ce: wa ka ba inuwa? In aka auna da wannan mudu, ginin da ya fi kowanne daraja a Saudiyyar zamani yana nan tun 1981, kuma alhazanmu bila adadin sun kwana a ƙarƙashinsa ba tare da sun ɗaga kai sun dube shi ba. Ina nufin rumfar alhazai ta filin jirgin Jidda. Injiniyan da ya tsara ta, Fazlur Rahman Khan, ɗan Bangladesh ne, mutumin da ya yi suna da dogayen benaye a Chicago. Da aka ce ya yi wa baƙin Allah masauki, sai ya ajiye tsawo gefe ya koma ga tantin makiyaya. Tantuna 210 ne aka jera, kowanne mita 45 ta kowane ɓangare, an rataye su da igiyoyin ƙarfe a jikin dogayen ginshiƙai. Farin ƙyallen yana mayar da zafin rana sama, haske kaɗan ya ratso. Gefe a buɗe yake, iska ta shigo ta ƙasa, mai zafin ta fice ta ƙofar da ke ƙolin kowane tanti. A ƙarƙashi za ka ga tsohuwa daga Gumel ta shimfiɗa zaninta kusa da ta Indonesiya, buta a gefe, jaka a matsayin matashi, suna jiran jirgin da ba a san lokacin tashinsa ba, amma rana ba ta taɓa su. A 1983 aka ba ginin lambar yabo ta Aga Khan, kuma ya cancanta.

Haka lemomin harabar Masallacin Annabi a Madina, guda 250. Da hantsi sai su buɗe a hankali, gefen wannan ya haɗu da na wancan har fili ya zama rumfa guda, marmara ta yi sanyin da za ka taka ba takalmi. Da yamma su naɗe kansu, zafin da ƙasa ta tara ya samu hanyar tashi. Wannan ma fasahar zamani ce, kuɗi aka zuba mata ba kaɗan ba, amma kwalliya ta biya kuɗin sabulu, domin mai kuɗi da talaka inuwa ɗaya suke sha.

To a ajiye waɗannan kusa da hasumiyar agogo ta Makka. An rushe ganuwar Ajyad ta zamanin Usmaniyya a 2002, Turkiyya ta yi ta kuka ba a saurare ta ba, aka baje dutsen da take kai, aka dasa otal-otal da kantuna, hasumiyarsu mai tsawon mita 601. Ɗakin Ka'aba bai wuce mita 13 da 'yan kai ba. Gini ya fi Ɗakin Allah tsawo sau arba'in da ɗoriya, yana tsaye a kansa, mai ɗawafi ya ɗaga ido don addu'a sai ya ci karo da tagogin ɗakunan haya. Wannan rashin ladabi ne, kuma ba zan sassauta kalmar ba. Hadisin Jibrilu ya ambaci gasar dogayen gine-gine, fassararsa na bar wa malamai. Abin da na sani shi ne, kusanci da Harami ya zama haja. Mai dala ya sauko daga ɗakinsa ya bi jam'i, alhajin jiha kuwa yana Masfala ko Aziziyya yana kokawar shiga bas.

A aikin hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, mutum fiye da 1,300 suka rasu. Hukumomin ƙasar da bakinsu suka ce kashi 83 cikin ɗari ba su da takardar izinin hajji, sun yi doguwar tafiya a ƙafa cikin rana ba mafaka. Rashin takarda laifi ne, amma hukuncinsa ba kisa ba ne. Ƙasar da ke lissafin katangar madubi ta kilomita 170 ba ta da hujjar barin taku ɗaya na hanyar Makka zuwa Arfa, wadda ba ta fi kilomita 20 ba, a tsakiyar rana. An ƙara kafa rumfuna da fankokin feshi, na gani, amma sai da aka yi asarar rayuka.

Za a ce man fetur zai ƙare, dole su jawo masu yawon buɗe ido. Gaskiya ne, amma tsohuwar unguwar Turaif ta Dir'iyya, ginin laka zalla, ita UNESCO ta sa a jerinta a 2010.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne kwaikwayon da muke yi. Su aƙalla suna da wutar da za ta sanyaya gilashinsu. Mu kuwa a Kano da Abuja sai mu lulluɓe bene da gilashi yana kallon yamma, a ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, ma'aikata su fito baranda suna fifita da fayil. Alhali Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa da azara tun ƙarni na 19, kuma magini Falke Barmou na Yama a Jamhuriyar Nijar ya karɓi lambar Aga Khan a 1986 da masallacin ƙasa. Kaurin bango, ƙaramar taga, zaure mai shan iska, duk mun watsar muna kiransu ƙauyanci.

Saboda haka duk gwamnan da ya dawo daga Umara da sha'awar gina mana abin a zo a gani, ya fara da tashar mota, da kasuwa, da harabar asibiti inda masu jinya ke zaune a rana tun safe. Ya rufe su, ya dasa itatuwa, sannan ya zo mu yi maganar hawa nawa benensa zai yi.