Dubai Da Chaina Ba Maƙwabta Ba Ne

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja kunnen 'yan'uwana manoma da ƙananan 'yan kasuwa a kan abin da ya same ni.

Ni manomi ne, da rani kuma ina kasa 'yar tireda ranar kasuwa. Bara da na sayar da riɗina, sai wani yaro ɗan garinmu ya ce zai tafi Dubai saro kaya. Mu biyar muka haɗa masa kuɗi ya sayo mana fitilu masu caji. Ya ce in ya tarar kaya sun yi tsada, sai kawai ya leƙa Chaina ya dawo, tunda duk can Asiya ne. Wallahi yadda ya faɗa, ka ce daga Kano zai je Zariya. Mu kuma muka ce to, Allah ya kiyaye hanya.

Da ya dawo, rabin kayan ya kawo mana. Sauran kuɗin sun tafi a tikiti da biza da masauki. Ban ce yaron nan ɓarawo ba ne, rashin sani ne ya ci mu, mu da shi baki ɗaya.

Daga baya ɗana da ke sakandare ya buɗe mini taswira. Ashe daga filin jirgin Dubai zuwa na Gwanzu, birnin da 'yan kasuwarmu suka fi zuwa a Chaina, wajen kilomita 5,800 ne. Jirgi yakan yi sama da awa 7 yana tafiya bai sauka ba, ya ratsa teku, ya keta sararin ƙasar Indiya daga wannan gefe zuwa wancan. Alhazai su auna: daga Kano zuwa Jidda wajen kilomita 3,400 ne, kuma kowa ya san gajiyar da ake kwasa. To wannan ta ɗara ta da fiye da kilomita 2,000.

Hatta agogonsu ba ɗaya ba ne. In ƙarfe 12 na rana ta yi a nan, a Dubai 3 ta yi, a Gwanzu kuwa 7 ta yamma. Kowace ƙasa da bizarta da kuɗinta. Sannan a Gwanzu ana babban baje koli sau biyu a shekara, ana farawa a Afrilu da Oktoba, kuma a lokacin masauki tsada yake yi.

Don haka jama'a, kafin ku danƙa wa mutum guminku, ku zaunar da shi gaban shaidu. Wane gari za ka? Nawa ne tikiti zuwa da dawowa? Wa zai biya, kai ko mu? A rubuta a takarda, kowa ya sa hannu. In lissafi bai fita ba, ga Kantin Kwari da Sabon Gari nan, a sara a gida. Da mugun rawa gara ƙin tashi.

Ina kuma roƙon shugabannin kasuwanni su riƙa wayar da kan mutane, domin mai tambaya ba ya ɓata.



Naku a kullum,
Wani manomi ɗan tireda,
Jihar Jigawa.