A kai ɗaliban Cadawa wurin maginan tukwane

Duk wanda ya bi titin kwalta daga Maraɗi zuwa Damagaram sai ya ratsa Cadawa, kuma in ya dace da ranar kasuwa zai ga sashen masu tukwane: randuna a kife, tuluna, kasake, tandar waina, har da asusun yara. Mai saye yakan ɗaga tukunya ya ƙwanƙwasa ta da yatsa. In ta yi ƙara garau, ta toyu. In muryarta ta dushe, akwai tsaga a ɓoye, sai ya ajiye ya ɗauki wata. Wannan gwaji ilimi ne, amma ɗan makaranta yakan wuce shi ba wanda ya taɓa ce masa darasi ne. Ya kamata makarantun Cadawa da Agye da Gazawa da Gidan Rumji su ɗauki ginin tukwane a matsayin ƙofar koyar da fasaha da tarihinta.

Yankin yawancinsa jigawa ne, saboda haka yumɓu ba a ko'ina yake ba. Sai a fadama, ko bakin tafki, ko kwarin gulbi irin Gulbin Kaba, kuma magina ne suka san ramin da ke ba da mai kyau. Ana shanya shi, a daka, a jiƙa, sannan a kwaɓa da ƙaiƙayi ko garin tsingaro. Dalili shi ne yumɓu zalla yana tsukewa in yana bushewa, sai ya tsattsage, ko kuma ya fashe a wuta don tururin cikinsa bai sami hanyar fita ba. A wasu garuruwa ana kifa tsohuwar tukunya a shimfiɗa yumɓu a bayanta a bubbuga har ya ɗauki siffarta. A wasu kuma, a ɗan rami marar zurfi ake sa curin, ana dukansa da dundunge ana juyawa har ciki ya buɗe. Wuya da baki daga baya ake ɗora su. Sai ado: a mirgina murɗaɗɗiyar igiya a jikin ɗanyen yumɓu, ko a shafa jar ƙasa a goge da tsakuwa mai santsi har ta yi sheƙi.

Toyi a fili ake yinsa, da kara da ciyawa da kashin shanu. Zafin wutar ba ya kai na masana'anta, shi ya sa jikin randa ke saura da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta nan, iska ta kwashe shi, na ciki ya yi sanyi. Malamin kimiyya da ke wahalar bayyana wannan a allo yana da randa a gidansa. Da wannan sani ne Mohammed Bah Abba, wani malami a jihar Jigawa, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, kayan miya suka daina saurin lalacewa. Ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000.

Yaron da ya taɓa kwaɓa yumɓu da hannunsa ba zai sha wuyar fahimtar tarihi ba. A Tagalagal, cikin duwatsun Ayar, an tono fasassun tukwane da suka haura shekara 9,000, suna cikin mafiya tsufa a Afirka. A 1975 aka yi kiciɓis da wata tsohuwar maƙabarta a Bura, kusa da Tera, kuma a 1983 masanin tarihi Boubé Gado ya jagoranci tono ta. Abin da ya fito ya girgiza masana: dogayen tuluna kife a kan kaburbura, wasu da kawunan mutane na yumɓu a samansu, har da mahayin doki. Bayan an nuna kayan a Paris a 1993, ƴan kasuwar kayan tarihi suka yi wa yankin caa, aka dinga tona kaburbura ana sayarwa. Nijar ta kafa dokar kare kayan gado a 1997, kuma a 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura a jerin waɗanda aka fi sacewa, tare da na Nok da Sakkwato da Katsina.

Na Katsina su suka fi ciwo, don maƙwabtan Maraɗi ne, kuma kusan duk a hannun masu tonon ɓoye suka fito, ba wanda ya rubuta inda aka same su da abin da ke kusa da su. Na Nok kuwa, waɗanda masu haƙar kuza suka fara cin karo da su a 1928, sun haura shekara 2,000. Cikinsu fanko ne, an gina su hawa-hawa kamar tulu, an huda ido da hanci da baki, abin da ya taimaka wa zafi fita lokacin toyi. Matsalar da maginin Nok ya warware ita ce dai wadda mai kwaɓa ƙaiƙayi ke warwarewa yau.

Wasu iyaye za su ce wannan maganar gumaka ce, kuma damuwarsu abar saurare ce. Ba a ce yaro ya sassaƙa siffar mai rai ba. Tukunya da tulu ba su da saɓani a wurin kowa, tarihin al'ummomin da suka shuɗe kuwa malaman addini ma suna karantar da shi. Abin da ake so shi ne manomin gobe, in garmarsa ta tono wani tsohon abu a gona, ya san hukuma zai kai wa, kada ya fasa shi ko ya sayar wa baƙo.

Akwai kuma raini. Roba da tukunyar ƙarfe sun cinye kasuwa, ƴaƴan magina da yawa na jin kunyar sana'ar gidansu. A ba su labarin Ladi Kwali, Bagwariyar da ta koyi gini tun tana yarinya. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tulunanta, wani magini mai suna Michael Cardew ya gan su, ta shiga cibiyarsa ta koyar da ginin tukwane a Abujar wancan zamani, garin da yanzu ake kira Suleja, a 1954. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Hotonta ne a bayan takardar naira ashirin, wadda duk ɗan kasuwar da ke zuwa Jibiya ya sani. A cikin Nijar ma, Mirriya da Bubon da tukwane suka yi suna.

Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, kuma duk mai shirin rubuta littafin fasaha da ita zai buƙaci sunayen kayan aiki da na matakan gini. Suna nan a bakin magina, yawancinsu tsofaffi, kuma suna bambanta daga gari zuwa gari. Ɗalibai na iya tattara su a littafin rubutu, da zanen kowane abu a gefen sunansa, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ta haɗa su wuri guda. Rani ne lokacin gini da toyi, kuma makarantu a buɗe suke a lokacin. Daraktan makaranta ya nemi izinin mai gari, ya kai aji guda matoya mafi kusa, kuma a biya maginin ladan koyarwa kamar yadda ake biyan kowane malami.