Ra'ayinmu: Sifaniya da baƙinta, wasu ta ƙofa wasu ta teku

A shekarun 1960, 'yan Sifaniya ne ke ɗaure kaya su tafi ci-rani Jamus da Faransa da Suwizalan. Yau Sifaniya ce masauki. A 1998 baƙi ba su kai kashi 2 cikin 100 na jama'arta ba. A farkon 2025 kuwa, hukumar ƙididdigar ƙasar, INE, ta nuna jama'a sun haura miliyan 49, kuma sama da miliyan 9 daga cikinsu a wata ƙasa aka haife su. Kusan mutum ɗaya ke nan cikin biyar.

Mai kallon talabijin zai ɗauka duk kwale-kwale ne ya kawo su, alhali ba haka zancen yake ba. 'Yan Maroko ne kan gaba, sun haura miliyan ɗaya, sai 'yan Kwalambiya da Benezuwela da Romaniya. Mutumin Latin Amurka yakan sauka a filin jirgin Barajas na Madrid da fasfo a hannu, da harshen ƙasar a baki, kuma bayan shekara 2 da samun izinin zama yana iya neman zama ɗan ƙasa. Ɗan Mali ko Senegal sai ya shekara 10.

Masu maraba da baƙi suna da hujja mai ƙarfi. Haihuwa ta ja baya ƙwarai, har masu mutuwa a shekara sun fi waɗanda ake haifa. Ba don baƙi ba, da ƙasar raguwa take yi. A 2024 tattalin arzikinta ya haɓaka da fiye da kashi 3 cikin 100, ya bar na Jamus da Faransa a baya. A Almeriya, cikin rumfunan leda masu zafi kamar tanda, 'yan Afirka ne ke tsinke tumatirin da ake ci a Turai. A gidajen Madrid, matan Latin Amurka ne ke ɗawainiyar tsofaffi. Harajin waɗannan mutane yana cikin abin da ake biyan fansho da shi.

Masu ƙorafi su ma ba duka maganarsu ce ta ƙiyayya ba. Kuɗin haya ya gagari talaka a Madrid da Barsalona, domin jama'a na ƙaruwa, gini bai biyo ba. Tsibiran Kanari na Sifaniya sun daɗe suna kukan an bar su da dubban yaran da suka iso babu iyaye. Sai dai jam'iyyar Vox ta mai da wannan kuka jarin siyasa. A Yulin 2025, bayan an daki wani dattijo a garin Torre Pacheco, gungun masu tsattsauran ra'ayi suka far wa unguwar 'yan Maroko, laifin ɗaya ya shafi gari guda.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne teku. A 2024 mutum 46,843 suka isa Kanari ta ruwa, da yawansu a 'yar ƙaramar gaɓar masunta ta La Restinga, bayan kwanaki a kan ruwa daga Muritaniya ko Senegal. Ƙungiyar Caminando Fronteras ta ƙirga sama da mutum 10,000 da suka halaka a shekarar a hanyar zuwa Sifaniya.

A ganinmu, gwamnatin Pedro Sánchez ta yi daidai da ta rage wa marar takarda zaman jiran izini daga shekara 3 zuwa 2 a dokar da ta fara aiki a Mayun 2025. Mutumin da ke da takarda yana biyan haraji, kuma mai gona ba ya iya cin guminsa a ɓoye. Amma aikin bai cika ba. Alkawarin bizar aikin kaka da Sánchez ya ɗauka a Muritaniya da Gambiya da Senegal a Agustan 2024 dole ya zama hanya ta gaske mai ɗaukar mutane da yawa, kuma a gina gidaje kafin fushin talaka ya sauka kan baƙo. Shugabannin Afirka ta Yamma su ma su ji kunya, domin babu wanda ke barin gida mai daɗi ya hau teku. Ƙasar da ke bukatar hannun ɗan Afirka a gona, to ta buɗe masa ƙofa ya shigo da mutuncinsa.