Wa Ya Mallaki Labarin Golmo?

A makon nan zan ɗan jingine zancen tarbiyya da zaman aure, in kawo muku wata magana da ta tarar da ni har gida.

Ɗan ƙanwata ne ya faɗo min da la'asar, ko zama bai yi ba ya miƙo min waya. "Kawu, duba ka gani, an sace mu." Shi da abokansa huɗu sun kusa shekara suna ɗaukar wani fim mai dogon zango a nan Zuru, suna ɗora shi a YouTube duk Juma'a. Labarin wani saurayi ne da ya shiga Golmo, wato noman da saurayi kan yi wa surukai shekara da shekaru kafin a ba shi mata a al'adar Dakarkari. Yana dab da kammalawa sai ga wani mai kuɗi ya dawo daga Abuja ya ce yana ciki. Rabin maganar da Hausa, rabi da C'Lela. Kamarar haya suke yi, kuma babur ɗin ɗayansu aka sayar aka fara aikin.

Abu biyu ya nuna min. Na farko, wata tasha ce da ba su san mai ita ba ta kwashe kashi shida na fim ɗin, ta haɗe su wuri guda, ta canza suna, har masu kallonta sun ninka nasu. Na biyu, ƙishin-ƙishin ne cewa wasu da suka fi su ƙarfi na shirin yin fim a kan Golmo da manyan jarumai. Ya ce wanne zai fara kai wa ƙara? Na ce ya zauna tukuna, don cutar biyu ce kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Duk wanda ya san Kannywood ya san wannan kuka ba yau ya fara ba. A zamanin kaset da faifan CD, kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ita ce cibiyar cinikin finafinai, kuma satar fasaha na cikin abubuwan da suka durƙusar da wannan ciniki. Fim zai fito da safe, kafin dare an buga na jabu. Da waya ta yawaita sai faifan ma ya mutu. Abin da ya farfaɗo da masana'antar shi ne finafinai masu dogon zango: a 2020 Lawan Ahmad ya fara sakin Izzar So a tasharsa ta Bakori TV, a shekarar ce kuma Labarina na Aminu Saira ya fara fitowa. Daga nan kowa ya gane cewa mutum zai iya buɗe tasharsa ya ci abinci ba tare da ya bi ta hannun ɗan kasuwa ba. Amma kuɗin daga talla yake zuwa, tallar kuma tana bin yawan masu kallo. Saboda haka duk wanda ya kalli fim a tashar ɓarawo, kwabon da ya kamata ya shiga aljihun mai shi ne ya karkata.

Cuta ta farko ita ce mai sauƙi. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta shigo da abin da ake ɗorawa a intanet cikin kariya, ta kuma ba mai aiki damar ya rubuta wa dandalin da aka ɗora kayansa a sauke. Ba sai ka yi rajista ba kafin aikinka ya zama naka. Da zarar ka rubuta ko ka ɗauka, haƙƙi ya tabbata, kuma na fim yana ɗaukar shekara 50 daga fitowarsa. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa, NCC, tana karɓar rajista ta intanet ga mai so, kuma ina ba da shawarar a yi, don takardar tana amfani ranar da aka tsaya gaban alƙali. YouTube ma yana da fom na kai ƙorafi, kyauta. Idan ƙorafin ya inganta a sauke bidiyon a yi wa tashar gargaɗi, in gargaɗi ya kai uku cikin kwana 90 ana iya rufe ta baki ɗaya. Sai dai wanda aka kai ƙara yana da damar ya musa, to a nan ake neman shaida: ainihin hotunan da suka fito daga kamara kafin a tace, da rubutaccen labari mai kwanan wata. Na tambayi yaron ina nasu. Ya ce sun goge na kashi huɗu don wuri ya cika a kwamfuta. Allah Ya kyauta.

Cuta ta biyu ita ce ba ya son jin amsarta. Golmo ba nasa ba ne. Ba na kowa ba ne shi kaɗai, kamar yadda rawa da waƙoƙin Uhola ba na mutum ɗaya ba ne; dokar ma ta ware wa irin wannan gado na al'umma babi dabam. Haka nan dabarar cewa talaka na neman aure mai kuɗi ya shigo, wannan tun kafin a haife ni ake ba da ita. Doka ba ta kare tunani, tana kare yadda ka zuba shi ne: jerin fitowarka, kalaman da ka sa a bakin jarumanka, halayen da ka gina musu, yadda ka ƙulla ka warware. In wani ya yi nasa fim a kan Golmo da nasa labarin, babu abin da za ka ce masa sai fatan alheri. In kuwa ya ɗauki naka fitowa bayan fitowa ya canza sunaye kawai, wannan juya aiki ne, kuma izinin juya aiki a hannun mai shi yake. Irin wannan shari'a Babbar Kotun Tarayya ce ke saurarenta, ba ofishin 'yan sanda ba, ba kuma gidan mai unguwa ba.

Mu ma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Masana'antarmu ta daɗe tana ɗauko labarin finafinan Indiya tana sa masa hula da babbar riga, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan haka. Mun saba wa ido da kunne cewa ɗauka ba laifi ba ce, sai ranar da aka ɗauki namu. A fim ɗin ɗan nawa ma, duk inda yarinyar ta fashe da kuka, kiɗan wani fim ɗin Indiya ne ke tashi a ƙasa. YouTube na da na'urar da yake kira Content ID, tana gane sauti, kuma mai kiɗan zai iya karɓe kuɗin tallar wannan kashin yana zaune a Mumbai. Da na faɗa masa sai ya sosa ƙeya. Ga masu ganga da sarewa nan birjik tsakanin Zuru da Dabai, da za su yi musu kiɗan da ya fi dacewa da labarin.

Ga masu cewa ai ilimi da fasaha ba su da mai su a addini, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke tun a zamanta na Kuwait a 1988 cewa haƙƙin wallafa da ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. Iyaye mata masu bin waɗannan finafinai da daddare, a riƙa duba sunan tashar kafin a danna.

Masu tura finafinai a waya a bakin kasuwa kuwa, ban ba shi shawarar ya yi faɗa da su ba. Inda data ke tsada, sabis kuma yana ɗaukewa, su ne ke kai fim ƙauye. Na ce a manna sunan tashar a jikin hoton daga farko har ƙarshe, a wurin da ba za a iya yanke shi ba, ko ba komai sun yi maka talla.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai ba ɓarawon waje ba ne. Su biyar ne, babu ko layi ɗaya a rubuce tsakaninsu. Ɗaya ya rubuta labarin, ɗaya ya sayar da babur, ɗaya ke tacewa, yarinyar da ke jan fim ɗin kuma da baki aka yi mata alkawari. A doka, in babu wata yarjejeniya, wanda ya ɗauki nauyin shirya fim shi ake ɗauka mai shi, marubuci kuma yana nan da haƙƙin rubutunsa, sannan sayar da haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce. To ranar da wani babban furodusa ya zo da kuɗi yana son ya sake fim ɗin, wa zai sa hannu? Wa ke da ikon ya ce a'a? Yana iya zagayawa ya saye marubucin shi kaɗai, sauran su wayi gari su ga labarinsu a bakin wasu. Na ga 'yan uwa ciki ɗaya sun daina gaisawa a kan gonar gado saboda irin wannan sakaci.

Na ce su samu takarda ko da shafi biyu ce, a rubuta wa ya mallaki labarin, wa ya mallaki tashar, yadda za a raba abin da ya shigo, da cewa ba za a sayar ko a ba da izinin sake fim ɗin ba sai da hannun kowa. Jarumai ma kowa ya sa hannu kafin a kunna kamara. A nemi lauya ya duba, a sa shaidu biyu.

Yana shirin tashi na tambaye shi da imel ɗin wa aka buɗe tashar, kuma wa ke riƙe da lambar sirrin. Ya yi shiru, sannan ya ce na mai tacewar ne, shi kuma tun bayan Sallah ya koma Kontagora, kwana biyu ba ya ɗaga waya.