Tokar da aka bari a murhun mazarƙwaila ce ke cin kasko a lokacin damina

A ƙasashe masu sanyi irin su Jamus da Ostiriya, gidaje da yawa na ɗumama ɗakunansu da wata na'ura mai dafa ruwa, wadda ke ƙona garin katako da aka matse ya zama ƙananan ƙwayoyi kamar abincin kifi. Na'urar na ɗibar makamashinta da kanta, wasu ma suna tura tokarsu cikin akwati ba tare da an sa hannu ba. Duk da haka, idan sanyi ya wuce sai an kashe ta, an kwashe toka, an kankare kunkunniya, an share bututun hayaƙi. A Jamus har doka ce ta wajabta ma'aikacin duba bututun hayaƙi ya riƙa zuwa.

Abin lura shi ne, mafi kyawun irin waɗannan ƙwayoyin tokar da suke bari ba ta kai kashi 1 cikin 100 na nauyinsu ba. Tukar rake da ake hura wutar mazarƙwaila da ita a yankin Paki, Ikara, Makarfi da Kudan ta fi haka toka nesa ba kusa ba, musamman idan ta kwaso ƙasa a wurin shanya. Buntun shinkafa kuwa, da wasu masu gumi ke ƙonawa, kusan kashi 20 cikin 100 nasa toka ne. Ke nan murhun da ya fi buƙatar shara a ƙarshen aiki namu ne, amma shi ne aka fi bari yadda yake.

An san dalili. Aikin rake na ƙarewa ne dab da sharar gona, ma'aikata sun watse, hankalin mai injin ya koma kan taki da iri. Sai a ce bari kaka ta zo a gyara. Wannan lissafin ba ya fita, domin toka ba ta zama haka nan ta jira mutum.

Duk uwargidan da ta taɓa tace ruwan toka don miya ta san toka na da gishiri mai kaifi. Muddin a bushe take, ɓarnarta kaɗan ce. Da zarar iskar damina ta kaɗo, sai ta zuƙi laima ta manne a gindin kasko da ƙarafan da ke riƙe wuta, ta hana su bushewa wata huɗu ko biyar. A ƙarƙashinta tsatsa ke aiki, kuma ba ta cin ƙarfen bai ɗaya, ƙananan ramuka take yi. Shi ya sa kasko zai yi kyau a ido, amma ranar da aka cika shi da ruwan rake aka hura wuta sai ya fara ɗiga. A ranar kuma mai walda ba zai yi ragi ba, ga rake an riga an sare, yana ƙara tsami a kowace rana.

Akwai asarar da ba a gani ma. Kunkunniyar da ta yi kauri a gindin kasko bargo ce tsakanin wuta da ƙarfe, sai a ci tuka da yawa kafin ruwa ya tafasa. Tokar da ta narke ta daskare kamar dutse kuma tana toshe hanyar iska, wuta ta koma hayaƙi.

Aikin bai fi na yini ɗaya ba. A bar murhu ya huce da kansa, kada a kwara wa kasko mai zafi ruwa, yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. A kwashe tokar a durom na ƙarfe, nesa da tarin tuka, domin garwashi na iya kwana da kwanaki a cikinta da ransa. Wanda zai kwashe ya rufe hanci da baki. Sai a kankare gindin kaskon, a wanke, a shanya, a shafe shi da man gyaɗa. Baƙin mai na inji ba shi da hurumi a abin da ake dafa abinci a ciki. A kife shi a kan dutse ko katako a ƙarƙashin rumfa, a rufe bakin bututun hayaƙi, a liƙe tsagar da ginin murhu ya yi.

Tokar kanta ba shara ba ce. Ana watsa ta a gona daidai gwargwado, amma ba a cakuɗa ta da takin yuriya, domin tana sa ƙarfinsa ya bi iska. Injiniyoyi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun yi bincike a kan amfani da tokar tukar rake wajen ƙarfafa jar ƙasa ta aikin hanya.

Masu ƙera murhun zamani da tukwanen gumi su ma da nasu laifin. Wasunsu na haɗa kaya ba tare da ƙofar kwashe toka ba, wadda hannu ko shebur zai shiga. Mai saye ya durƙusa ya leƙa ƙasan na'urar kafin ya biya kuɗi, ya tambayi ta ina toka za ta fita. Idan mai sayarwa ya fara inda-inda, a nemi wani maƙerin.